Yadda Ake Tsara Cikin Jirgin Fasinja: A Fara da Ƙofa, a Ƙare da Kujera

Duk wanda aka damƙa wa aikin tsara cikin jirgin sama na fasinja, abu na farko da ya kamata ya haƙura da shi shi ne cewa faɗin jirgin da tsawonsa ba a hannunsa suke ba. Kamfanin da ya ƙera jirgin ya riga ya yanke wannan tun shekaru da dama da suka wuce: faɗin cikin Boeing 737 mita 3.54 ne, na Airbus A320 kuwa mita 3.70, babu kuma gwanin zanen da zai ƙara musu ko da faɗin yatsa. Matsayin mai tsarawa bai wuce na telan da aka miƙa wa yadi ƙayyadadde aka ce ya fitar da riga da wando ba, domin duk abin da ya ƙara wa hannun riga daga ƙafar wando ya rage shi. Shi ya sa sanin abin da za a fara yankewa da abin da za a bari sai daga baya ya fi kowace dabara muhimmanci a wannan sana'a. Wanda ya fara da zaɓen kujera da launin kafet zai dawo ya warware aikinsa da hannunsa ranar da ya gano cewa sahu na goma sha biyu ya tare ƙofar gaggawa.

Wane ne zai hau, kuma ina za shi?

Kafin a ja layi ko ɗaya, sai a zauna da masu kamfanin jirgin a san tsawon tafiyar da jirgin zai riƙa yi, da irin mutanen da za su hau, da kuɗin da suke iya biya, da mintocin da jirgin zai yi a ƙasa tsakanin sauka da sake tashi. Jirgin da ke jigilar awa ɗaya yana iya wadatuwa da kujera marar kishingiɗa da ƙaramin kicin, amma wanda zai kwana a sama daga Doha zuwa Amurka yana buƙatar abinci sau biyu ko uku, da ruwa mai yawa, da wurin da ma'aikata za su kwanta su huta. Amsoshin nan su ne ake mayarwa zanen shimfiɗar ciki, wanda masu aikin ke kira LOPA, wato taswirar da ke nuna mazaunin kowace kujera da kowane bayan gida da kowane bango, inci bayan inci.

Ƙofofi su ke faɗin adadin kujeru

Hukumomin da ke ba jirage lasisi, musamman FAA ta Amurka da EASA ta Turai, sun shar'anta cewa dole ne a iya fitar da kowa daga cikin jirgi a cikin daƙiƙa 90 alhali rabin ƙofofin ba sa aiki. Lokacin da Airbus ya yi wa A380 wannan gwaji a birnin Hamburg na Jamus a watan Maris na 2006, an fitar da fasinjoji 853 da ma'aikata 20 a cikin daƙiƙa 78, cikin duhu, ta ƙofofi 8 daga cikin 16. Kowace irin ƙofa tana da adadin mutanen da doka ta amince za su iya fita ta cikinta. Manyan ƙofofi biyu masu fuskantar juna na manyan jirage ana lissafa musu mutum 110, ƙananan nan na saman fiffike kuwa mutum 35 kacal. Jimillar wannan lissafi ita ce iyakar kujerun da za a iya sakawa, ko da kuwa fili ya rage. Da kamfanin Ryanair ya so ya wuce kujeru 189 da yake sakawa a 737-800 ya kai 197 a sabon samfurin, sai da Boeing ya ƙara ƙofofi biyu a bayan fiffike.

Waɗannan dokoki ba a ofis kawai aka ƙirƙiro su ba, yawancinsu bayan asarar rayuka aka rubuta su. A 1983 gobara ta tashi a bayan gidan wani jirgin Air Canada, ya sauka lafiya a Cincinnati ta Amurka, amma mutum 23 daga cikin 46 suka rasu saboda hayaƙi da wuta kafin su kai ƙofa. Daga nan aka wajabta na'urar jin hayaƙi a bayan gida, da fitilun ƙasa masu nuna hanyar fita, da rufe soson kujera da ƙyalle mai hana wuta ci. A 1985 kuma mutum 55 suka mutu a filin jirgin Manchester na Ingila a cikin jirgin da bai ma bar ƙasa ba, bincike ya nuna cewa cunkoso a ƙofar fiffike da ƙuncin mashigar da ke kusa da kicin na gaba sun taimaka wajen yawan asarar, aka kuwa faɗaɗa hanyar isa ga waɗannan ƙofofi. Don haka idan mai tsarawa ya ga an bar fili a sahun ƙofar gaggawa, kada ya ɗauka ɓarna ce da zai gyara.

Akwai wasu ma'aunai uku da ya kamata a haddace tun daga farko. Hanyar tsakiya ba za ta gaza inci 15 ba daga ƙasa zuwa tsayin inci 25, sama da haka kuma ba za ta gaza inci 20 ba. A jirgi mai hanya ɗaya ba a jera kujeru fiye da uku a kowane gefe. Sannan kowane kujeru 50 suna buƙatar ma'aikaci ɗaya, kuma kujerun ake ƙirgawa, ba waɗanda suka zauna a kansu ba. Wannan na ƙarshe yana da tasiri a kan riba fiye da yadda ake zato, domin jirgi mai kujeru 156 yana buƙatar ma'aikata huɗu, mai 150 kuwa uku sun isa. Kamfanin JetBlue na Amurka ya yi wannan lissafi a 2007, ya cire sahu ɗaya daga jiragensa na A320, fasinjoji suka sami wurin miƙe ƙafa, shi kuma ya rage albashin mutum ɗaya a kowace tafiya.

Kicin da bayan gida kafin kujera

Da zarar an gama da ƙofofi, sai a kafa abubuwan da ba sa motsi, wato kicin da bayan gida da kabad da bangayen da ke raba ajujuwa. Dalilin gabatar da su shi ne suna da jijiyoyi, bututun ruwa da na ƙazanta da wayoyin lantarki da hanyar iska duk a jikinsu suke, kuma masu ƙera jirgin sun ƙayyade wuraren da za a iya ɗaure su. Kujera kuwa a kan dogo take, doguwar sandar ƙarfe da ke kwance a daɓen jirgi mai ramuka a kowane inci ɗaya, ana iya kwance ta a matsar cikin dare guda.

A lissafa girman kicin da adadin kekunan abincin da tafiyar ke buƙata, a kuma tuna cewa idan jirgin zai ɗauki abincin dawowa tun daga gida, to wurin ajiyar ya ninka. A tabbatar ma'aikata biyu za su iya aiki a ciki ba tare da ɗaya ya jira ɗaya ya wuce ba, kada kuma ƙofar bayan gida ta buɗe daidai inda ake fito da keken abinci, domin layin masu jiran bayan gida zai tsayar da rabon abinci gaba ɗaya. Airbus ya fito da wani tsari mai suna Space-Flex wanda ya mayar da bayan gida biyu can jikin bangon ƙarshe na A320, kusa da kicin, abin da ya taimaka aka kai kujeru 186 maimakon 180. Kujeru shida riba ce, sai dai kicin ya ƙanƙance, kuma ma'aikatan da ke tsaye a wurin tsawon yini su ne ke biyan kuɗin wannan riba da jikinsu. A ganina duk wanda zai zaɓi irin wannan tsari don tafiyar da ta wuce awa uku ya kamata ya fara jin ta bakinsu.

Wani ɗan abu da ke ba mutane mamaki shi ne tokar sigari: har yau doka ta wajabta ɗan mazubin toka a ƙofar bayan gida duk da an hana shan taba, saboda wanda ya karya doka ya sami inda zai kashe ta maimakon ya jefa cikin kwandon takardu.

Kujera

A nan ne ciniki yake. Tazarar kujeru ana auna ta ne daga wani wuri a jikin kujera zuwa irin wannan wuri a jikin ta gabanta, kuma a ajin gama-gari yawanci tana tsakanin inci 28 da 32. Lissafin mai sauƙi ne, kuma shi ne jarabar masu kamfani: jirgi mai sahu 30, idan aka zare inci ɗaya daga kowane sahu, an sami inci 30, wato sabon sahu mai kujeru shida da za a sayar a kowace tafiya har tsawon rayuwar jirgin.

Amma tazara ba ita ce wurin gwiwa ba. Abin da fasinja ke ji shi ne abin da ya rage bayan an cire kaurin bayan kujera, saboda haka siririyar kujera a tazarar inci 29 tana iya ba gwiwa sarari fiye da tsohuwar kujera mai kauri a inci 31. Masu ƙera kujeru irin su Recaro da Safran da Collins sun cimma haka ne ta hanyar rage soso, da lanƙwasa bayan kujera daidai inda gwiwa ke taɓawa, da ɗaga aljihun mujallu daga ƙasa zuwa saman ɗan teburin cin abinci. Sai dai siririyar kujera tana da iyakarta. Abin da jiki ke jurewa a awa ɗaya da rabi yana zama azaba a awa ta shida, lokacin da soson ya lotsa ƙashin ɗuwawu ya fara jin ƙarfen da ke ƙasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar kujerar gajeriyar tafiya a saka ta a jirgin doguwar tafiya don kawai ta fi sauƙin nauyi.

Faɗi kuwa shi ne abin da ba a cika tallatawa ba, alhali a tafiyar dare ya fi tazara tasiri, domin kafaɗar maƙwabci ita ke hana barci. Bambancin santimita 16 da ke tsakanin 737 da A320 shi ke sa kujerar na farko ta kasance kimanin inci 17, ta na biyu kimanin 18. A manyan jirage mai tsarawa yana da zaɓi. Boeing 777 ya fara aiki da kujeru tara a sahu, yau kuwa yawancin kamfanoni goma suke jerawa, uku da huɗu da uku, kujerar ta ragu zuwa wajen inci 17, hanyar wucewa ma ta ƙuntata har keken abinci yana bugun gwiwar hannun na gefe. Boeing 787 an fara tallata shi da kujeru takwas a sahu, kusan kowa ya koma tara, in ban da Japan Airlines da ya riƙe takwas a jiragensa na tafiye-tafiyen ƙetare. Ba laifi ba ne a zaɓi cunkoso idan farashin tikiti ya nuna haka, laifin shi ne a cunkusa mutane sannan a caje su kuɗin sarari.

Game da kishingiɗa, a yanke shawara ɗaya a tsaya a kai. Idan tazara ta gaza inci 30, ya fi kyau a kafe bayan kujerar a ɗan karkace yadda ba ya motsi, domin duk incin da na gaba ya kwanta a kai daga gwiwar na baya da teburinsa ya ƙwace shi, rigima kuma a kan ma'aikata take ƙarewa. Kujera marar kishingiɗa ta fi sauƙin nauyi, ba ta kuma da waya da maɓallin da za su lalace.

Matsar da kujera yana jan wasu ayyuka a bayansa. Fitilar karatu da mahurin iska da akwatin takunkumin oksijin da ke saman kai dole su bi kujerar duk inda ta koma, kuma takunkuman dole su fi kujeru yawa da aƙalla kashi 10 cikin 100, saboda jarirai da ke kan cinya da ma'aikacin da abin ya rutsa da shi a tsakiyar hanya. Tagogi kuwa ba sa bin kowa, tun da tazararsu ta ƙashin jirgin ce, wajen inci 20. A 737 akwai ma wani wuri a gefen hagu, gaba da fiffike, inda babu taga sam saboda bututun iska ya bi ta nan, kuma kamfanin da ya sayar da wannan kujera da sunan ta taga ba tare da gargaɗi ba ya sayi ƙorafi. Sannan kowace kujerar sabon jirgi dole ta ci gwajin karo mai ƙarfin nauyinta sau 16, tare da auna yadda kan fasinja zai bugi abin da ke gabansa, dalilin da ya sa wasu kujerun sahun farko, masu fuskantar bango, ke da jakar iska a cikin bel ɗinsu.

Ajin 'yan kasuwa lissafinsa daban ne. Tun da British Airways ya kawo kujera mai zama gado a 2000, gasar ta koma kan yadda kowa zai kwanta a miƙe kuma ya fita hanya ba tare da ya tsallake maƙwabcinsa ba. Ana cimma haka ta karkata kujerun ko ta cusa ƙafar na baya a ƙarƙashin teburin gefen na gaba, kuma faɗin wannan ramin ƙafa shi ya kamata a fara gwadawa, da mutum dogo, a kwance a gefe ɗaya.

Kaya, iska da haske

Akwatunan kaya na saman kai su ke yanke saurin shiga jirgi. Sababbin akwatuna masu zurfi suna ba da damar a ajiye jaka a kan gefenta maimakon a kwance, ta yadda akwatin 737 da ke ɗaukar jaka huɗu yake ɗaukar shida, amma sai an manna hoton da ke nuna haka a ciki, in ba haka ba fasinja zai kwantar da jakarsa kamar yadda ya saba.

Matsin iskar ciki ba a hannun mai tsarawa yake ba, amma ya kamata ya san shi. A yawancin jirage jiki yana jin kamar yana kan tudu mai tsayin ƙafa 8,000, kusan ninki biyu na tsayin Jos, yayin da Boeing 787 da Airbus A350 suka sauko da shi zuwa ƙafa 6,000. Iskar tana shiga daga sama ta fita ta ƙasa kusa da bango, kusan rabinta ana tace ta a sake dawo da ita, don haka kada a kafa kabad ko bango inda zai toshe waɗannan mafitai. Fitilu kuwa a sa su riƙa haskakawa sannu a hankali kafin rabon abincin safe, kada a kunna wa mai barci farin haske kwatsam.

Jirgin alhazai

Jigilar aikin Hajji daga Kano ko Sakkwato ko Yamai zuwa Jidda da Madina misali ne na yadda irin fasinja ke sauya tsari gaba ɗaya. Yawancin maniyyata dattawa ne, da yawansu kuma wannan ne hawansu na farko, saboda haka alamomi masu hoto sun fi rubutu amfani, musamman a kan makullin bayan gida da maɓallin kora ruwa. Hannun kujerar gefen hanya ya kamata ya zama mai ɗagawa domin a iya zaunar da wanda aka kawo a keken guragu, a kuma ƙara maƙallan hannu a bakin bayan gida.

Babban abin lura shi ne alwala. Bayan gidan jirgi ba a gina shi don a zuba ruwa a ƙasa ba, kuma ruwan da ya ratsa daɓe yana taruwa a kan ƙarafan da ke ƙarƙashi ya haifar da tsatsa, wadda dama a ƙasan kicin da bayan gida makanikai suka fi samunta. Jirgin da aka san zai yi wannan aiki yana buƙatar daɓen bayan gida mai ɗagaggen baki wanda aka liƙe haɗinsa sosai, da shimfiɗar roba marar santsi a ƙofar maimakon kafet, da tankin ruwa da aka lissafa bisa wannan buƙata. Kamfanin Saudia ya daɗe yana cire wasu kujerun tsakiya a bayan manyan jiragensa ya keɓe wurin salla da labule, wanda ke hana mutane tsayawa a bakin ƙofar gaggawa ko cikin kicin, kamfanoni da dama na ƙasashen Larabawa kuma suna nuna alƙibla a allon kujera.

Nauyi, shara da gwaji

Kowane kilo da aka saka a ciki zai sha mai a kowace tafiya har ranar da aka cire shi, don haka a ninka nauyin kowane abu da adadin kujeru kafin a amince da shi. Allon kallo a bayan kujera yana zuwa da wayoyi da akwatin lantarki a ƙarƙashi wanda ke cin wurin ƙafa, shi ya sa kamfanoni da yawa a gajerun tafiye-tafiye suka koma ba da wurin cajin waya da maƙallinta kawai. A kuma tuna da masu shara, waɗanda a wasu kamfanonin mintoci kaɗan suke da su, tun da jirgin minti 25 kacal yake yi a ƙasa. Fata ko makamanciyarta ana goge ta da tsumma, ƙyalle kuwa sai an cire an wanke. Kafet mai duhu da ɗigo-ɗigo yana ɓoye tabon shayi, aljihun kujera mai raga yana nuna abin da aka manta a ciki.

Kafin a ba da odar kujeru, a gina samfurin sahu uku ko huɗu da ainihin tazarar, a zaunar da mutane masu bambancin tsayi da ƙiba da shekaru, har da mace mai goyo, na tsawon awannin tafiyar ba na minti goma ba, a ba su abinci a kan teburin, a sa na taga ya fita ya dawo. A sa ma'aikaciya mafi gajarta ta rufe akwatin kaya cike, a sa makanike ya canza teburin da ya karye ana duba agogo. Bayan an ɗaura komai a jirgi, sai a sabunta lissafin nauyinsa da inda nauyin ya daidaita, domin matsar da kicin ko ƙara sahu a baya yana sauya yadda za a riƙa loda kaya. A gyara katin bayanin tsaro da ke gaban kowace kujera ya dace da sabon tsarin, a miƙa zanen da shaidar gwajin wuta na kowane ƙyalle da soso ga hukumar ƙasar da jirgin ke da rajista, wadda a Najeriya ita ce NCAA, kuma jirgin ba zai ɗauki fasinja ba sai ta sa hannu.